Rijiyar da Ta Riƙe Mahaifina

Da labarin rasuwar mahaifina ya fita, mutanen garinmu ba gidanmu suka fara zuwa ba, bakin rijiya suka nufa. Ina tsaye a ƙofar zaure ina kallonsu da idona. Manya masu furfura a gemu, kowa ya dafa itacen bakin rijiya ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sa'an nan ya miƙe ya gyara riga ya taho wurina da fuskar ta'aziyya. Liman har guga ya sa aka jefa masa, wai alwala zai yi, amma na ga sai da ya auna tsawon igiyar da hannunsa. Ruwa yana nan yadda ya kwana. Da hankalinsu ya kwanta sai kuka ya zo musu, kuma ba zan yi musu ƙage ba, kukan gaskiya suka yi.

Duk kwanakin zaman makoki magana ɗaya na yi ta ji har kunnena ya gaji da ita. "Allah shi jiƙan Mai Rijiya. Mutum na wanda bai taɓa barin mu ba ko dare guda." Wannan ya faɗa, wancan ya karɓe. Baƙi sun zo daga Bangi, wasu daga Babankatami, suna cewa ba su taɓa ganin fuskarsa a kasuwarsu ba amma ba wanda bai sha ruwansa ba. A cikin gida mata sun kewaye Inna, mahaifiyata, suna ce mata ta gode wa Allah, ita kam ba ta san zaman jiran miji ba. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, sai bayan an binne shi ta iso, don daga nesa take, can garinmu na asali bisa dutse ta wajen Garhanga. Ta sauka daga jaki, ta sha ruwa, ta tsaya a bakin zaure tana gaida maza. Wani dattijo ya sake jawo maganar nan ta bai taɓa barin mu ba. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Shi na bai bar ku ba, ko ku na ba ku bar shi ba?"

Ta ja mayafinta ta shige cikin gida.

Saboda maganar nan tata na zauna na tattara wannan labari. Ina tsoron 'ya'yanmu su tashi ba abin da suka sani game da kakansu sai yabon zaure, su ɗauka turke ne aka kafa a bakin rijiya. Mahaifina mutum ne mai son tafiya fiye da duk wanda na sani, kuma abu ɗaya ya roƙa a duniyar nan: ya koma garin da aka haife shi ko sau ɗaya, ya ga mahaifiyarsa. Tafiyar 'yan kwanaki ce, yara masu jakuna suna yin ta. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban gani ba kuma na ji shi daga bakin Inna da Gwaggo da maƙerin garinmu.

Gidanmu gidan Azna ne tun kaka da kakanni. Kakata, wadda muke kira Kaka, ita ke riƙe da al'amuran gida, ita ta san wace bishiya ake gaisarwa da abin da ake yanka mata. Baba tun yana saurayi ya kama salla, ya juya wa waɗannan abubuwa baya, bai koyi ko ɗaya ba. Kaka ba ta taɓa yafe masa wannan ba, ko da yake furarsa kullum ita ta fi ta kowa nono.

A shekarar da fara ta cinye gonaki, da hatsi ya ƙare aka koma cin 'ya'yan anza na daji, Baba ya ce shi ba zai zauna bisa dutse ya ƙirga gawa ba. Ya ji labarin wani kwari a gabas da ba a taɓa sara ba. Ya ɗauki Inna da ƙanwata tana goye, maƙeri abokinsa ya bi shi da iyalinsa. Ni aka bar ni in yi wa Kaka noma, don na riga na isa riƙe hauya. Ina tsaye ya durƙusa gabanta ya ce da an cire amfanin farko zai zo da kansa ya ɗauke ta. Ta ce ta ji.

Sun sami kwari, sun sami ƙasa mai kyau, ruwa ne ba su samu ba. Wani ɗan tafki da suke ɗiba ya koma laka, lakar ma ta tsage. Baba da maƙeri suka yi ta haƙa, nan su bari su koma can, dagi ba ya fito da komai sai busasshiyar ƙasa. Nonon Inna ya ɗauke, ƙanwata ta daina ko kuka. A nan ne maƙeri ya ce masa, kai ɗan gidan Azna ne, daji kuma yana da masu shi, ka yi musu magana yadda iyayenka ke yi. Baba ya tsaya gindin wani gawo kusa da ramin da suke haƙa, mutumin da bai san ko yadda ake fara gaisuwar ba, ya buɗe baki.

"Masu wanga wuri, ku ba ni ruwa. In kunka ba ni, ba ni ƙara kwana wani wuri sai nan, har in mutu."

Inna ta ce cikin kuka ya faɗe ta, a hankali. Maƙeri ya ce da ƙarfi ya faɗa har tsuntsaye suka tashi daga kan gawon. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Inna dai takan ce da ita kaɗai ta ji, da ta haɗiye maganar ta mutu da ita. Washegari dagi ya fito da laima, kafin rana ta yi tsaka ruwa ya taru a gindin ramin, ƙanwata ta rayu.

Ruwa ba ya ɓoyuwa. Masu gudun yunwa suka fara sauka, bayansu masu gudun lanho, harajin Nasara, da masu gudun aikin dole. Bukka biyu ta zama tunga, tunga ta zama gari. Duk wanda ya sauka, kafin a nuna masa inda zai sara gona, maƙeri ya ba shi labarin gawo da alkawari. Ba da mugunta yake yi ba, alfahari yake da abokinsa.

Da aka cire amfanin farko, Baba ya ɗaura takalmi ya rataya gora zai tafi ɗauko Kaka. Yana fitowa ya iske mazan gari zaune a ƙofar gidansa.

"Ina za ka, Mai Rijiya?" in ji maƙeri.

"Za ni ɗauko tsohuwata."

"Yau kana komowa?"

"Yau hwa? Kai ma ka san nisan wurin."

"To rijiya hwa?"

Inna ta ce Baba dariya ya yi, ya ɗauka wasa ne. Ya dubi fuskokinsu, ba mai dariya ko ɗaya. Ba su kama shi ba, ba su ɗaga masa murya ba, zama kawai suka yi, har rana ta yi zafi ya koma ciki ya kwance takalmin. Maƙeri ya ce shi zai je a madadinsa.

Wannan kam da idona na gani. Maƙeri ya iso gidanmu bisa dutse, ya zauna gaban Kaka ya kwashe labari duka ya faɗa mata, yana jiran ta yi guɗa. Kaka ta ajiye audugar da take kaɗi.

"Wawa na," ta ce. "Ɗana na, amma wawa na. Masu wuri akuya aka ba su, ko zakara, abin da in an yanka an gama. Wa ya taɓa ba su ƙahwa? Da ya zamna ya koya da ya sani."

Maƙeri ya tambaye ta ko akwai gyara. Ta ce akwai, babba daga jininsa zai tsaya gindin gawon ya musanya ƙafar da baƙar akuya, kuma ita ta san abin da ake faɗa. Ya ce to, ga jaki a waje.

"Kai kac ce kana ɗauka ta? Shi yac ce. Da bakinai ya raina abin gidanmu, da bakinai za shi roƙe ni. Shi taho."

Maƙeri ya yi lallashi har bakinsa ya bushe, ko gezau. Ni ta ce in bi shi, ubana ya fi ta bukatar hannu. Ranar da za mu tashi ta cika mini gora da fura tana yi mini tsiyar kaka da jika, wai mijin banza, ni ma na sake ta na bi wata. Na ce ta yi kwalliya ta jira ni. Ban sake ganinta ba.

Haka abin ya ƙulle. Ita ba za ta zo ba sai ya je, shi ba zai je ba sai ta zo, mutanen gari kuwa suna zaune tsakani da tulunansu.

Tun daga nan Baba ya ɗauki wata ɗabi'a. Da rani, in ya yi sallar asuba, sai ya kama hanyar yamma, hanyar garinsu, ya yi ta tafiya har inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, sa'an nan ya juyo, ya shigo gari kafin magariba. Ba abin da yake zuwa yi. In aka zo nemansa Inna takan ce, "Ya tahi gida," kowa ya gane. Abin da ke ba ni haushi, duk ranar da ya fita sai ka ga wani ya tuna yana da itacen sara a wannan hanyar. Baba ya san gadinsa ake yi. Yakan gaida mutumin, har ya taya shi ɗaure itacen.

Baƙo kuwa ba ya wuce shi. Da ya hangi matafiyi a bakin rijiya, ko Buzu da raƙumansa ko ɗan koli da jakinsa, zai aika a kawo fura, ya zauna gabansa ya naɗe ƙafa. Tambayarsa ta farko ba ta sakewa: "Ina ka kwana jiya?" In an faɗa masa, ya tambayi bisa me aka kwanta, tabarma ko rairayi, da abin da aka fara ji da asuba, da ko ruwan wurin yana da gishiri. Wasu baƙin har tsarguwa suke yi, su ɗauka ɗan leƙen Nasara ne. Bai taɓa karɓar komai a kan ruwa ba, labarin hanya kawai yake so.

Shi ke yi wa duk mai shirin tafiya takalmi. Ya sa ka taka fatar sa, ya zagaye ƙafarka da gawayi, ya yanka, ya ce kada ka dawo sai ta huje. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" kawai yake cewa. "Kai, rani ya yi, mi kaka jira?" Haka ya riƙa kora ta cin rani har Sakkwato. In na dawo ba ya tambayar abin da na samo, sai dai in jera masa garuruwan da na bi ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara na gaji na tsallake wani ƙauye, ya ɗaga hannu ya ce ƙarya nake, tsakanin nan da nan akwai gari mai marina. Gaskiyarsa ce, kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba.

Da gari ya yi girma muka sami liman, wani malami daga kudu. Baba ya yi murna ƙwarai, ya ba shi fili kusa da rijiya. Bai bari ya huta ba ya kai masa tambayarsa. Liman ya ce alkawari da iskoki ba alkawari ba ne, kuskure ne babba, ya tuba ya ciyar da mabukata, shi ke nan ya fita. Baba ya tuba, ya buɗe rumbu ya ciyar. Ya je sallama, Liman ya yi gyaran murya ya ce ai ba gaggawa, a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce a bari a ga yadda bazara za ta yi. Baba ya dube shi ya ce, "Malam, littahinka ya sake ni. Tulun matakka na bai sake ni ba." Liman ya yi dariyar yaƙe, ya ce a yi haƙuri, mutane ne sai a hankali.

A shekarun da Nasara ke yaƙinsu, gardawan bariki suka iso garinmu da jajayen huluna. Suna son samari masu ɗaukar dutse a aikin hanyar mota, kuma kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya ce a zo masa da wanda ya kafa garin nan ba da saninsa ba. Ina jin duk ƙasar Adar mahaifina ne kaɗai ya taɓa ganin gardi ya yi farin ciki. Kafin su gama magana ya shiga ya ɗauro ƙunshinsa, ya fito fuskarsa kamar ranar salla, yana ce wa Inna ai ba yadda zai yi, hukuma ce. Ko bulala ko kurkuku bai dame shi ba, tunda dai fita ce.

Mutanen gari suka zube gaban babban gardin. Suka yanka masa rago, suka ce tsoho ne ba shi da lafiya, a bar shi, za su ƙara samari a kan waɗanda aka nema. Baba yana cewa lafiyarsa lau, ana danne muryarsa da roƙo. Gardi ya auna ya ga samari sun fi masa tsoho amfani. Cikin waɗanda aka ƙara akwai ni, akwai babban ɗan maƙeri. Da aka jera mu na waiga, Baba yana tsaye da ƙunshinsa a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Ba zan tsaya kan aikin hanya ba, wanda ya yi ya sani. Na dawo da kafaɗar da har yau ba ta ɗaga sungumi sosai. Ɗan maƙeri bai dawo ba. Ciwon ƙirji ya kama shi, muka binne shi a gefen hanyar, ni na kawo wa ubansa hularsa. Baba ya daina cin abinci har Inna ta tsorata.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa Kaka tana kwance, jikin ya yi nauyi. Wannan karon Baba bai yi shawara da kowa ba, ya ɗaura takalmi da hantsi ya fita. A bakin gari ya iske maƙeri tsaye a tsakiyar hanya, hannunsa duk baƙin gawayi. Ina bayansu ina ji.

"Kauce," in ji Baba. "Uwata ta."

"Na sani. Ni ma ɗana na. Shina kwance gehen hanyar Nasara don kai ka kwana ɗakinka. In ka tahi yau, don mi yam mutu?"

"Ni na ce ku ba da shi? Da bakina nac ce ku bar ni in tahi!"

"Ba ka ce ba. Amma mun ba da."

Suka tsaya suna kallon juna, mutum biyu da suka haƙa rami ɗaya da ƙishi ɗaya. Baba ya sunkuya ya kwance takalminsa a nan tsakiyar hanya, ya riƙo su a hannu, ya komo gida ba takalmi. Daga ranar ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba. Amma kowace kaka, damin farko da aka ɗaure a gonarmu maƙera ake kai shi, kuma maƙeri bai taɓa mayar da shi ba.

Kaka ta rasu. Gwaggo ta ce mini a kwanakinta na ƙarshe zuciyarta ta sauko, ta kira ta ta ce ta zauna ta koyi maganar da ake faɗa a gindin gawo, ta je ta kwance ɗan'uwanta. Sai dai lokacin hankalin tsohuwa ya fara yawo. Yau ta faɗa haka, gobe ta sake, wani lokaci ta haɗa da waƙar niƙa. Gwaggo ta riƙe abin da ta iya riƙewa, ta zo garinmu da baƙar akuya. Aka taru, Liman ya ce shi ba ya ciki amma ya tsaya daga nesa yana kallo. Ta yi maganarta, aka yanka. Sai wata tsohuwa ta ce, "Kin tabbata haka tac ce?" Gwaggo ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ba ta tabbata ba. Aka cinye akuya, kowa ya koma gidansa, Baba yana nan inda yake.

Bayan haka burinsa ya ragu, ya koma son ya tsaya bakin kabarinta kawai. Ni kuwa raina ya ɓaci da kowa, har da shi. Na same shi yana yankan fata na ce, Baba, mutanen nan ba igiya suka ɗaure ka da ita ba, ka tashi mu tafi, in sun so su mutu da haushi. Na ce ko dai shi ma ya yarda iskoki ke ba da ruwa? Bai ɗago kai ba.

"Ruwa na Allah na, na sani. Amma in na tahi, bazara ta yi tsanani, rijiya ta ja ƙasa, ɗan wata ya mutu, wa ka gaya ma uwatai ba ni na ba? Kai?"

Na fita ina huci, na je na zauna bayan rumbu.

Shekaru suka wuce, aka hana aikin dole, hanya ta buɗe. Samarinmu suna zuwa Madawa su hau mota, mata suna zuwa biki Buza su yi kwanaki. Kowa yana fita yana dawowa da labari, Baba yana yi musu takalmi. Gashinsa ya yi fari, tafiyarsa ta yamma ta riƙa gajarcewa, har ya zama iyakarsa bakin gonaki.

A bazarar nan da ta wuce ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Wata safiya ina gyara masa shimfiɗa ya kama hannuna.

"Kai. Kai ni gida."

Na ce to. Bayan sallar la'asar na miƙe a masallaci na ce gobe zan ɗora mahaifina a kan takarkari in kai shi garinsu, duk mai hanawa ya zo ya hana ni, ni ban yi wa gawo alkawari ba. Na tsaya ina jiran faɗa, don da shirinsa na zo. Ba wanda ya tanka. Liman ya duƙufa kan tasbaharsa.

Da gari ya waye muka ɗora shi, na tokare shi da buhunan ƙaiƙayi hagu da dama. Inna ta rataya masa gorar fura, ta tsaya bakin ƙofa. Gari shiru, ko mai daka babu, na ce a raina fushi suke yi, su yi ta yi. Na ja akala muka kama hanyar yamma.

Da muka wuce wurin da ya saba juyawa, Baba ya gyara zama ya miƙe wuya. Duk abin da ke gabanmu sabo ne a idonsa, ko kuwa tsoho ne da ya manta. Ya nuna wani tudu ya tambaye ni sunansa. Ya ga wata aduwa ya ce lalle a gindinta suka huta da Inna ranar da suka zo, bishiyar tana ƙarama lokacin. Ya sha fura da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya tambaye ni inda za mu kwana yau, na faɗa masa, ya ce a shimfiɗa masa a waje, kada a sa shi cikin ɗaki. Har dariya ya yi. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan yinin ba.

Rana ta ɗan karkata sai na ji kukan jariri a bayanmu. Na waiga.

Garinmu ne gaba ɗaya. Mata da tukwane da tabarmi a ka, yara suna kora awaki, wani ya ɗauko turmi, tsofaffi suna dogara sanda. Liman yana tsakiya da gafakarsa. Maƙeri yana gaba, ya rataya zugazugansa, ƙaramin ɗansa yana nishi ƙarƙashin uwar maƙera. Da suka ga mun tsaya su ma suka tsaya, ba su matso ba. Na ɗaga murya cikin fushi na ce me kuma suke so, ba su gaji ba?

Maƙeri ya tako kaɗan. Ba ni ya kalla ba, Baba ya kalla, kuma wannan ce maganarsu ta farko tun ranar da suka yi faɗa.

"Ba mu hana ka ba, Mai Rijiya. Tahi ka ga tsohuwa. Mu dai ba mu kwana can babu kai."

Baba ya daɗe yana kallonsu. Ya juya ya dubi hanyar yamma, ita ma ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya ce, "Juya shi."

Na ce ba zan juya ba. Ban taɓa yi masa musu irin wannan ba. Na ce su bi mu har bisa dutse in suna so, hanya ba ta kowa ba ce. Na ja akala gaba, hawaye suna zubo mini, ya sa hannunsa mai kumburi ya riƙe igiyar.

"Akwai masu goyo cikinsu. Dubi tulunansu, ba su ɗauko ruwan kirki ba, gaba kuma ba rijiya sai gobe. Juya, kai."

Na juya takarkari. Mutane suka dare suka ba mu hanya, ba mai iya ɗaga ido. Da muka zo daidai wata yarinya da jaririnta ke kuka, Baba ya cire gorar furarsa ya miƙa mata. Bai waiga ba, har muka shigo gari rana tana shirin faɗuwa. Ni na sauke shi na kai shi ɗakinsa. Bai ƙara kwanaki da yawa ba, ya cika wata ranar bayan azahar, Inna tana riƙe da kansa.

Wannan shi ne mahaifina, wanda ya sari dajin nan kuka samu wurin zama. Ku da kuka sha ruwansa, ku yafe masa in ya taɓa ɓata muku, shi kam ya yafe muku tun a hanya, ni ne har yanzu ban iya ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa maganar da ya faɗa cikin ƙishi. Allah ya yalwata masa kabarinsa, don a duniya iyakarsa tafiyar rabin yini ce.